Ruwan Ƙaramin Bututu

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Takardar hukumar kula da muhalli ta iso da safe. Sun ce ranar Alhamis 26 ga wata za su zo da kansu su auna ruwan da masaƙarmu ke zubarwa cikin rafi. In har yana nan da launinsa, za su rufe sashen rini. Mutum arba'in da ɗaya ke cin abinci a sashen nan.

Shekara goma sha tara ina tsaron ruwan masaƙar nan. Ni ke buɗe bututu, ni ke rufewa, ni ke ɗiba in kai ɗakin gwaji. Har sunana ya ɓace, kowa Malam Mai Ruwa yake ce min. Sau uku na rubuta wa ofis cewa tafkin tacewarmu ya gaji, ba wanda ya ko ɗaga takardar. Yau da wuta ta kama, sai Manaja ya tara mu ya ce ya ɗauko ƙwararriya daga jami'a.

Ƙofa ta buɗe, sai ga Auta.

Autarmu. Wadda na saɓa a kafaɗa na kai allurar rigakafi tana tsala ihu tana ja min kunne. Manaja ya ce, "Ga Dakta," har na leƙa bayanta in ga wa yake nufi. Ta ɗan rusuna ta ce, "Yaya, ina wuni?" Manaja ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Au, ashe ƙanwarka ce? To kai kam ka ji daɗi."

Na ce na ji daɗi ƙwarai. Ta san da zancen nan tun makon jiya, ba ta gaya min ba, wai tana so ta ba ni mamaki. Ta kuwa ba ni.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ta nuna mana abin nata. Sitacin rogo ne, irin wanda ake sa wa kaya kafin guga. Tana dafa shi da wasu sinadarai, ta ɗiga shi ɗigo-ɗigo ya zama ƙananan ƙwayoyi, ta busar. In ya shiga ruwa sai ya kumbura ya yi santsi, ya riƙa zuƙe rinin yana riƙewa a cikinsa, a tace a ga ruwa garau. Ita jel take ce masa. Dogo, shugaban masu rini, ya leƙa kofin ya ce, "Dakta, wannan ai ƙwan kwaɗi ne." Aka kwashe da dariya, har da ita, sunan kuma ya zauna.

Aikina a ciki shi ne kullum in ɗebo mata kwalba ɗaya daga babban bututu.

Bari in rubuta yadda wurin yake, ko don wanda zai gaje ni. Bututu biyu ke shiga tafki. Ƙaramin yana nan bakin ɗakina na kwano, taku shida, ruwan ɗaurayar yadi ne, mai ɗan launi, mai sanyi, yana zuba yini guda. Babban yana can ƙasa, sai ka sauka tsanin ƙarfe mai hawa goma sha huɗu cikin tururi. Shi ne ainihin ruwan tukunyar rini, da zafinsa, da soda, da gishiri buhu-buhu da su Dogo ke zubawa don launi ya kama yadi. Shi ne ke rina rafi, kuma shi hukuma za ta auna.

Talata, ƙarfe 4:30 na yamma

Gwiwar dama ta tashi tun da safe. Na tsaya a kan tsanin na leƙa ƙasa, na dawo. Na cika kwalbar a nan kusa, a ƙaramin bututu, na manna takarda na rubuta abin da aka ce in rubuta. Yau kaɗai ne. Ranar farko ai gwaji ne kawai.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Gwiwar ba ta saki ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

An kira mu ɗakin gwaji mu ga abin al'ajabi. Ta zuba ƙwan kwaɗinta a kwalbata ta jiya, ta ɗora a kan injin juyawa, ta ce a ba shi minti arba'in. Manaja ya zauna yana kallon agogo kamar mai jiran haihuwa. Ƙwayoyin suka kumbura suka koma shuɗi, ruwan ya washe har kana karanta rubutu ta bayansa.

Manaja ya tafa. Na rantse ya tafa, da hannunsa, shi kaɗai. Ya ce, "Dakta, kwana huɗu kacal! Mu nan shekara da shekaru muna kallon ruwan nan." Da ya ce "mu nan" ni ya kalla.

Auta sai murmushi take tana gyara gilashinta. Tun tana yarinya haka take in an yabe ta, sai ta sunkuyar da kai kamar ba ta so, alhali kunnuwanta a buɗe suke. Ni na san ta.

Ruwan da ta washe ɗin, ko tsumma ka tace shi da shi zai rage launi. Ba a tambaye ni ba.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Mun je gaida Inna. Na tarar da maƙwabta biyu a ɗakinta tana ba su labari. Wai kamfani gaba ɗaya ya rasa yadda zai yi, sai da aka je aka roƙo Auta. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ba a nan babban naki yake aiki ba?" Inna ta ce, "Eh, shi ma yana taimaka mata."

Ina taimaka mata. Na ajiye ledar lemun da na kawo, na fita tsakar gida na tsaya ina kallon igiyar shanya.

A nan wurin, daidai gindin famfon nan, na fara nuna mata sitaci. Ina shekarar farko a kwalejin kimiyya, ita tana aji uku na firamare. Na ɗebo ruwan sitacin Inna a murfin kwano, na ɗiga aidin, fari ya koma shuɗi mai duhu nan take. Ta yi tsalle ta ce, "Yaya, kai boka ne!" Kwana uku tana bina in sake yi mata. A ƙarshen shekarar nan Baba ya rasu, na ajiye littafi na shiga masaƙa. Ita ta wuce. Ba gori nake yi ba, ni na zaɓa, kuma ko yau aka dawo da ni haka zan yi. Amma ƙwaƙwalwar nan da ake yabo, gida ɗaya aka raba mana ita, kuma ni na fara ɗiba.

Inna ta ƙwala min kira ta ce in zo in ɗauki abincin da ta ajiye wa Auta in kai mata ofis gobe, wai yarinyar nan ba ta samun lokacin ci.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Ta zo ɗakina na kwano da takarda a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa sai da na ce ta shigo.

"Yaya, wani abu ke ba ni mamaki. Na auna gishirin ruwan nan, bai kai ko kusa da yadda na zata ba. Daga babban bututu ne ko?"

Na ce, "To daga ina?"

Ta ce ita dai tana tambaya ne saboda haɗi biyu gare ta. Na farko mai sauƙi ne, kwana biyu an gama, amma ba ya son gishiri, in ya yi yawa ƙwayoyin motsewa suke su ƙi shan rinin. Na biyu yana jure gishiri, sai dai yana cin kwana shida kafin a haɗa a busar, ga wahala. In gishirin namu kaɗan ne, ba dalilin wahalar da mutane.

Na ce mata ruwan ɗauraya yana haɗuwa da na tukunya a hanya, shi ke tsinka shi. Ban san daga ina maganar ta fito ba, na dai ji ta a bakina a shirye, sumul. Ta ce, "Oh, shi ya sa." Ta rubuta a takardarta. Ta rubuta fa, a gabana, kamar na karanto mata daga littafi.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Ba ni na ce ta zaɓi mai sauƙin ba. Ita ce Dakta.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Yau na yi abin da ban ji daɗinsa ba, ko da yake ita ta jawo.

Ranar baƙin rini ce, duk Alhamis su Dogo ke sauke manyan tukwane. Ina zaune da shi muna shan shayi sai ga ta da dogon takalmin roba ya yi mata yawa, da safar hannu, da kwalba. Ta ce tana so ta sauka da kanta sau ɗaya, ta ga bututun da idonta, haka ƙa'idar aiki take.

Jikina ya yi sanyi, sannan ya yi zafi. Na ajiye kofi na ce, "Shekara goma sha tara ina ɗiban ruwan nan, yau ke za ki bi bayana ki duba ko na iya? Tun kina 'yar firamare nake sauka tsanin nan. In ba ki yarda da ni ba ki gaya wa Manaja a canja ni."

Dogo ya ce, "Haba Malam, ai ba haka take nufi ba."

Idonta ya ciko. Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya, wallahi ba haka nake nufi ba. Ni wa zan yarda da shi in ba kai ba?" Ta ajiye kwalbar a kan bencina, ta juya tana jan takalmin nan faƙat-faƙat har ta sha kwana.

Da wani ne ya yi mata wannan tsawar, da ta sauka ko da zai mutu. Na san ta da taurin kai, ta taɓa mayar da farfesa guda ɗakin gwaji ya sake awo. Ni kaɗai ne a duniya ba za ta iya bin bayana ba. Na san haka kafin in buɗe baki.

Dogo ya shanye shayinsa ya ce na cika zafi. Na ce gwiwa ce ke damuna.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Maman yara ta ce kwana biyu ba na cin abincin kirki, kuma ina yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ba. Na ce aiki ne. Ta ce, "Aiki ko Auta?" Na ce me ya kawo Auta a ciki? Ta ce, "Ka ambaci sunanta sau biyar tun da ka tashi, kuma ba wanda ya tambaye ka."

Matar nan da lissafin aikin gida take yi haka da mun huta.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

An kafa tankin gwaji a bakin tafki, sabo fil, an yi masa shuɗin fenti. Sau uku na roƙi a canja min kwanon ɗaki da ke yoyo aka ce babu hali, amma tanki ya fito cikin kwana huɗu. Ana ta busar da ƙwan kwaɗi a faranti-faranti, haɗin mai sauƙi, buhu takwas ake so.

Masu kamfani sun zo gani, su uku, da turare kamar za a ɗaura aure. Aka ɗauki hoto. Ni an ce in riƙe tiyo daga gefe. Ana cikin haka Auta ta nuno ni ta ce, "Wancan yayana ne. Shi ya fara nuna min abin da sitaci ke yi, tun ina ƙarama. Kuma duk ruwan da na yi aiki da shi, shi ya ɗebo." Suka juyo suka yi min irin murmushin da ake yi wa tsohon direban gida. Ɗayansu ya ce, "Madalla, Baba."

Baba! Shekarata arba'in da bakwai.

Da suka tafi na ja ta gefe na ce, nan wurin aiki ne, ta daina yi min Yaya-Yaya a gaban mutane, ta kira ni yadda kowa ke kira na. Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, bakina ba zai iya ba."

To, bari in rubuta tunda littafin nawa ne. Ƙyashi nake. Ina ƙyashin farar rigarta, da gilashinta, da yadda Manaja ke miƙewa in ta shigo. Ina ƙyashin har kirkin nata, don wanda ke sama ne ke da sukunin yin kirki. Na rubuta, ban ji sauƙi ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 1:05 na rana

Kowa ya tafi cin abinci. Na ɗebi ƙwan kwaɗi cikin tafin hannu daga farantin shanya. Na sauka tsanin, hawa goma sha huɗu, na ɗebo ruwan babban bututu, na hau, gwiwar ba ta ce uffan ba. Na rufe ƙofar ɗakina, na bar ruwan ya huce, na zuba ƙwayoyin a tsohon kofin gilashi, na juya da cokalin shayi.

Na ba shi minti arba'in. Na ƙara ashirin. Na ƙara rabin awa don adalci.

Ba su kumbura ba. Sun motse sun kwanta a ƙasa kamar tsakuwa, ruwan yana nan da launinsa yadda na ɗebo shi.

Abin da ya fara zuwa min, kafin tsoro, kafin komai, daɗi ne. Wani ɗan sanyi a ƙirji. Na zauna da kofin a hannu ina cewa a raina, ashe dai Dakta ma akwai abin da ba ta sani ba. Sai daga baya na tuna wa ya hana ta sani.

Na zubar a tafki na wanke kofin. Da yamma na kai mata kwalbarta ta kullum, daga inda na saba.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Haɗi na biyu kwana shida yake ci. In na faɗa yau ko gobe, akwai lokaci.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Na je. Allah shi ne shaida na je, har na shirya yadda zan fara. Zan ce gwiwa ce, zan ce kuskure ne na ranar farko da ya zarce.

Na same ta ita kaɗai a ɗakin gwaji ta kifa kai a kan tebur. Hannuwanta duk sun yi saɓa saboda sinadari. Abincin Inna na gefe ba ta buɗe ba. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ka zo? Zauna." Ta ture takardu ta ba ni kujerarta ita ta hau kan benci. Na ji tausayinta. Na ce, "Auta, akwai wata magana."

Sai ga Manaja ya faɗo ba sallama, baki har kunne. Wai masu kamfani sun ce in an wuce ranar Alhamis lafiya, za su buɗe sabon sashen kula da ruwa, Dakta ce shugaba, da ofis mai na'urar sanyi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kuma ka samu ogar gida, ba ka da matsala."

Da ya fita ta ce, "Wace magana ce, Yaya?"

Na ce Inna ta ce ta riƙa cin abinci.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Lokaci ya wuce yanzu. Ko na faɗa ba abin da zai gyaru, sai dai in tayar mata da hankali a banza.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 10:40 na safe

Dogo ya shigo yana waƙa. Ya ce matarsa ta daina kuka tun da ya ba ta labarin ƙwan kwaɗi. 'Yarsa ta biyu za ta shiga makarantar koyon jinya wata mai zuwa, da an rufe sashe da sai dai ta zauna a gida. Ya ce, "Malam, ƙanwar nan taka Allah ne ya aiko mana ita. Ka gaya wa Inna mutum arba'in da ɗaya na yi mata addu'a."

Hannuwan Dogo baƙi ne har gwiwar hannu, ba sabulun da ke fitar da shi, shekara ashirin da shida a bakin tukunya. Ina ta kallonsu yana magana. Ni duk kwanakin nan Auta kaɗai nake gani a gabana, kamar ita kaɗai ce za ta faɗi.

Wataƙila ranar su ɗiba a ƙarshen tafki, inda ruwan ya gauraya. Wataƙila a ɗage baƙin rini zuwa Juma'a. Wataƙila a yi ruwan sama.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 4:35 na yamma

Kwalba ta ashirin. Na manna takarda, na rubuta.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 6:20 na safe

Maman yara ta goge min kakin aiki har da sitaci. Na ce wa ya sa ta? Ta ce ai yau ranar Auta ce.

Alhamis, ƙarfe 5:50 na yamma

Ba a yi ruwan sama ba.

Jami'ar hukuma mace ce, gajera, ba ta dariya. Ba ta tambayi kowa hanya ba, ta duba zanen bututun a takardarta ta ce a jona tiyo daga babban bututu kai tsaye zuwa tankin. Ni na jona. Su Dogo suka sauke tukunyar baƙi ƙarfe goma sha ɗaya, tanki ya cika, aka jira ya huce, aka juye buhu takwas.

Minti arba'in. Auta ta buɗe famfon ƙasa ta tara kofi.

Ba zan rubuta launinsa ba.

Ta ce a ƙara lokaci, aka ƙara. Ta sa hannu cikin tankin ta ɗebo ƙwayoyin, ta murza su a yatsa. Sai ta ɗauko 'yar na'urar auna gishiri daga aljihu ta tsoma. Ta dubi lambar. Ta girgiza na'urar ta sake tsomawa. Ta daɗe tana kallon lambar nan, ni kuma ina kallon ƙeyarta ina jira ta juyo.

Ba ta juyo ba.

Manaja ya fara sababi, yana cewa ina ruwan da aka yi ta nuna masa garau, wa ya yaudare shi? Na ɗaga ƙafa zan matso, ko dai na yi niyyar ɗagawa. Sai na ji muryarta, a hankali, ba rawa.

"Yallaɓai, laifina ne. Ƙa'ida ita ce mai bincike ya sauka ya ga inda ake ɗiban ruwansa da idonsa. Ban sauka ba ko sau ɗaya. Ba wanda za a tambaya sai ni."

Jami'ar ta rubuta. Za a rufe sashen rini daga Litinin har sai an kawo hanyar da ta yi aiki, a sake nema, a sake jiran rana. Wata biyu, wata uku, ba ta sani ba. Dogo ya cire hularsa ya zauna a kan bokiti. Manaja ya wuce Auta ko kallo bai yi mata ba.

Abin da na yi ta so ke nan tun ranar 2 ga wata, in ga ya wuce ta bai miƙe ba. Na gani.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Na buɗe ɗakina na tarar da kwali a kan benci. Kwalabena ne, guda ashirin, an wanke su tas an jera. Ba a cire takardun ba. Kowace da rubutun hannuna, babban bututu, da kwanan wata. Babu wasiƙa, babu komai.

Juma'a, ƙarfe 6:00 na yamma

Inna ta kira ni. Ta ce Auta ta zo ta shige ɗaki ta ƙi magana, wai aikin bai yi ba. Ta ce, "Kai ne babba, ka je ka lallashe ta, kai take jin maganarka. Ka san tun tana ƙarama abin da ka ce shi ne."

Na ce to, Inna.

Na kai har bakin layinsu na juyo. Maman yara ta ga fuskata ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ɗauke abincin ta rufe.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Yau aka sauke tukunya ta ƙarshe. Daga ita babban bututu zai bushe, duk wanda ke son ruwansa don gwada haɗi na biyu, yau ce kaɗai. Tun ƙarfe bakwai na wanke jarkoki shida na jera a bakin tsani, na sa takalmina, na zauna ina jira. Na ce zan sauka sau shida a gabanta, in na hau na ƙarshe in gaya mata komai, da kofin ranar Laraba, da daɗin da na ji.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura sai ga ta. Ba farar riga. Ta sayi takalmin roba daidai ƙafarta. Dogo na biye da ita da igiya, ya gaishe ni kamar kullum, wato ba ta gaya masa ba. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma na gane ba za ta faɗa ba.

Na miƙe na ɗauki jarka na ce, "Auta, kawo, ni zan sauka."

Ta dube ni, karo na farko tun ranar Alhamis. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne. Ta karɓi jarkar daga hannuna da ladabi, da hannu biyu.

"Bar shi, Malam Mai Ruwa," ta ce. "Gwiwarka."

Ta juya ta kama tsanin ta fara sauka cikin tururi. Dogo ya ce, "Malam, riƙe mata tsanin mana, yana rawa."

Na riƙe. Sau shida ta sauka, sau shida ta hau, duk jarkar da ta miƙo Dogo take miƙa wa.